Zafin Kaye da Fushin Koci: Ina Iyakar Kishin Ƙwallo?

Duk daren da aka yi babban wasa a Turai, ba sai mutum ya leƙa gidan kallo ba kafin ya san yadda aka tashi a Birnin Ƙonni. Ƴan kabu-kabun da ke ta oda a kan babbar hanya, ƙungiyarsu ce ta ci. Waɗanda suka sulale gida ba sallama, wayoyi a kashe, su aka lallasa. Kafin gari ya waye magana ta bazu a fada, a teburin mai shayi, a rukunonin WhatsApp: alƙali ya yi coge, ƴan wasa sun sayar, koci bai san aikinsa ba, a kore shi. In kuwa kyamara ta nuno kocin yana kumfar baki a gefen fili, sai jama'a ta rabu biyu. Wasu su ce ga mai kishi nan, wasu su ce borin kunya ne.

Abubuwa da dama ne suka cakuɗe a cikin wannan hayaniya, kuma cakuɗewar tasu ce ke jawo ruɗani. Ana ɗaukar jin zafin kaye da neman wanda za a ɗora wa laifi tamkar abu ɗaya. Ana auna kishin koci da ƙarfin ihunsa. Ana yanke wa aikin shekara hukunci da minti 90. Wannan sharhi zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kalmomin da ake faɗa da su

Ƙonni gari ne na bakin iyaka, tsakaninsa da Illela ta jihar Sakkwato tafiyar ƴan mintuna ce. Kamar yadda sefa da naira suke zagayawa tare a kasuwa, haka kalmomin ƙwallo suke shigowa ta ƙofa biyu. Mai kallon Canal+ yana jin sharhi da Faransanci, mai kallon tashoshin Najeriya yana ji da Ingilishi, rediyon BBC da RFI da DW kuma suna ba su duka da Hausa.

Koci kalmar Ingilishi ce, antirenar ta Faransanci, ma'anarsu mai horar da ƴan wasa. Shi ke zaɓar mutum 11 da za su fara, shi ke tsara salon wasa da canji. A yawancin ƙungiyoyi ba shi ke riƙe da kuɗi ba, ba shi ke biyan albashi ko gyara fili ba. Wannan aikin shugabannin ƙungiya ne, ko hukumar ƙwallo idan ta ƙasa ce, irin FENIFOOT a Nijar. Arbit ko rafali shi ne alƙalin wasa. Fenariti shi ne bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ofsaid, wanda masu Faransanci ke kira orje, shi ne satar gida. VAR kuwa alƙali ne na biyu da ke zaune gaban allon bidiyo, kuma da aka kawo shi doka ta taƙaita hurumin sa bakinsa ga abu huɗu: cin ƙwallo, fenariti, jan kati kai tsaye, da kuma in an hukunta wani ɗan wasa a madadin wani. Da yawa daga cikin gardamar "me ya hana a duba VAR" tana tasowa ne a kan abin da doka ba ta ba shi damar dubawa ba.

Kalmar da ta fi buƙatar tacewa ita ce magoya baya. A kan benci ɗaya na gidan kallo akwai wanda ya ɗauki ƙungiya tun yana yaro, yana tare da ita a daɗi da wuya. Akwai ɗan kallo, wanda daɗin wasan ne ya kawo shi. Akwai wanda ya zuba kuɗinsa a caca, wanda shi ba ƙungiyar ce a gabansa ba, tikitinsa ne. Akwai kuma wanda ya zo da rigimarsa tun daga gida yana neman inda zai sauke ta. In an tashi wasa dukkansu suna iya ɗaga murya, amma abin da ke cin kowannensu daban ne, kuma kuskure ne a kira su da suna ɗaya.

Me ya sa kaye ke da zafi haka?

Tambayar da dattawa ke yi ita ce, me ya haɗa yaron Tsarnawa ko na Galmi da wata ƙungiya a Madrid, har zai ƙi cin tuwo don an ci ta? Amsar tana cikin yadda masu goyon baya ke magana. Ba su cewa "sun ci", sai "mun ci". Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Cialdini, ya nuna a binciken da ya wallafa da abokan aikinsa a 1976 cewa ɗaliban jami'a sun fi cewa "mu" bayan ƙungiyar makarantarsu ta yi nasara, sun fi komawa "su" bayan ta sha kashi. Wanda ya saba zama a fada bai buƙatar a fassara masa wannan. Ranar nasara "mun nuna musu", ranar kaye "yaran nan sun ba mu kunya". Mutum ya ɗaura mutuncinsa a jikin ƙungiya, don haka in ta faɗi, sai ya nemi hanyar kwance kansa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce nuna wani da yatsa.

Sai kuma kunya. A Ƙonni ba a kallon ƙwallo a ɓoye. Kowa ya san ɗan Barcelona na unguwa, kowa ya san ɗan Chelsea na tasha, wani ma sunan ƙungiyar ya zame masa laƙabi. Wanda ya kwana uku yana cika baki kafin wasa ya san abin da ke jiransa gobe. Sau da yawa zafin da yake ji na zolayar da zai sha ne, ba na ƙwallon da aka zura ba.

Akwai dalili na uku wanda ke cikin wasan kansa, kuma shi aka fi mantawa. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. A manyan gasanni, in aka raba yawan ƙwallaye da yawan wasanni, kusan uku ake samu a wasa ɗaya. Inda ci ya yi ƙaranci haka, abu kaɗan ke juya sakamako: ƙwallo ta daki turke, mai tsaron gida ya zame, alƙali ya kau da ido na daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya ke iya doke babba fiye da yadda ake gani a wasanni masu yawan ci kamar ƙwallon kwando. Zuciyar ɗan Adam kuwa ba ta son a ce mata sa'a ce. Ta fi son a ba ta mai laifi mai suna da fuska.

Caca ta zo ta ƙara wa wutar fetur. Tun da ta koma cikin wayar hannu, wanda ya zuba jika biyu ko uku na cinikin yini a kan wasa, ba kaye kaɗai ya sha ba, asara ya tafka, kuma ba zai iya faɗa a gida ba. Fushinsa kan fito da rigar kishin ƙungiya.

Abin da tarihin Mena ke koyarwa

Ba sai an je Turai neman misali ba. Tarihin Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, na shekara 15 da suka wuce ya ƙunshi kusan duk abin da ake gardama a kai.

A wasannin neman gurbin gasar cin kofin Afirka ta 2012, Nijar ta faɗa rukuni ɗaya da Masar, wadda ke riƙe da kofin sau uku a jere, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. A ƙarƙashin Haruna Dula, Mena ta cinye wasanninta uku na Yamai, ciki har da 1-0 da ta yi wa Masar a Oktoban 2010 da ƙwallon Musa Mazu, ta kuma sha kashi a duka ukun da ta buga a waje. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoban 2011, Masar ta ci ta 3-0 a Alƙahira. A daidai lokacin Afirka ta Kudu ta tashi babu ci da Saliyo a gida, ƴan wasanta suka kama rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ya kai su gasar. Ashe dokar gasar cewa ta yi, in maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da ƙungiyoyin suka yi tsakaninsu za a duba. Ƙasashe uku na da maki 9, kuma a lissafin tsakaninsu Nijar ce a gaba. Wadda aka ci uku ita ta tafi gasar a karon farko a tarihinta, masu rawa suka zauna gida. Kocinsu, Pitso Mosimane, ya amsa cewa canjaras ya nema saboda yadda ya fahimci dokar.

Wannan dare ya isa ya nuna cewa allon sakamako ba ya faɗar labari duka, kuma jahiltar doka ba a gidan kallo kaɗai take ba.

Abin da ya biyo baya ya fi shafar batunmu. A Disambar 2011 hukumar CAF ta zaɓi Haruna Dula gwarzon kocin Afirka. Bayan kamar wata ɗaya, ranar 23 ga Janairun 2012, Gabon mai masaukin baƙi ta ci Mena 2-0 a Libreville. Wasa ɗaya tak, aka ture Dula gefe, aka miƙa ragamar ga Bafaranshe Rolland Courbis da aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Tunisiya ta ci 2-1, Maroko ta ci 1-0, aka dawo gida babu maki ko ɗaya. Za a iya cewa wasan ya ɗan gyaru, don Tunisiya sai a minti na ƙarshe ta samu ƙwallon nasara. Amma sauyin bai kawo abin da aka yi shi dominsa ba, kuma Courbis bai cika shekara ba ya tafi. Shi kuwa Dula, shekara 11 bayan haka, shi ne ya kai ƴan wasan cikin gida wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, bayan doke Kamaru da Ghana. A nan ma Aljeriya ta yi musu 5-0. Wanda zai auna Dula da daren Libreville ko da waɗancan biyar ɗin, zai ce ba koci ba ne. Wanda ya dubi tafiyar duka zai ga mutumin da ya kai Nijar wurare biyu da ba ta taɓa zuwa ba.

Haka aka sake gani daga baya a ƙarƙashin Badou Zaki ɗan Maroko. A Nuwambar 2024 Mena ta ci Sudan 4-0, ta bi Ghana har Accra ta ci ta 2-1, amma maki ɗaya ya hana ta zuwa gasar Afirka. A Satumbar 2025 Maroko ta zura mata biyar, duk da haka ta gama ta biyu a rukuninta na neman zuwa gasar duniya. Kuma duk wannan ana yin sa ne ƙungiyar na karɓar baƙi a ƙasashen waje, saboda filin Seyni Kunce bai samu amincewar CAF ba. Wannan matsala ce da babu ihun koci ko korarsa da zai magance.

Fushin koci ba iri ɗaya ba ne

Koci ne mutumin da ya fi kowa sanin cewa kujerarsa ba ta da ƙafa huɗu. Ba za a kori ƴan wasa 25 a dare ɗaya ba, shugaba kuma ba zai kori kansa ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ransa ya ɓaci. Abin dubawa shi ne inda ya nufa da fushin.

Akwai wanda ke sauke shi a kan ƴan wasansa a ɗakin sauya kaya, ƙofa a rufe. Alex Ferguson na Manchester United ya yi suna da wannan. A Fabrairun 2003, bayan Arsenal ta fitar da su daga kofin FA da ci 2-0, ya yi ƙwallo da wani takalmi cikin fushi, ya samu David Beckham a saman ido. A bazarar shekarar Beckham ya koma Real Madrid. Masu kare irin wannan hali na nuna kofunan da Ferguson ya tara. Amma ya tara su ne da sanin ƴan wasa da iya gina ƙungiya. Masu ihu irin nasa da ba su ci komai ba sun fi a ƙirga, sai dai ba a ba da labarinsu.

Akwai fushin dabara, wanda koci ke yi gaban ƴan jarida don a bar maganar yaransa a koma kansa. Wani lokaci wannan rufin asiri ne ga matashin ɗan wasan da ya yi kuskure, kuma abin yabo ne. Wani lokaci kuma kocin kansa yake rufa wa asiri.

Wanda ya fi haɗari shi ne fushin da ake nufar alƙali ko abokan hamayya da shi a bainar jama'a. Ranar 31 ga Mayun 2023, Sevilla ta doke Roma a bugun fenariti a wasan ƙarshe na gasar Europa a Budapest. José Mourinho ya tare alƙalin wasan, Anthony Taylor, a wurin ajiye motoci yana zaginsa, kyamarori na ɗauka. Washegari magoya bayan Roma suka yi wa Taylor da iyalinsa ƙawanya a filin jirgin sama, har da jifa da kujera. Hukumar UEFA ta dakatar da Mourinho wasa huɗu. Bai aiki kowa filin jirgi ba, amma ya riga ya nuna wa dubban mutane wanda za su huce a kansa. Nan ne bambancin yake tsakanin fushin koci da na ɗan kallo. Ɗan kallo in ya zagi alƙali, murya ɗaya ce cikin dubu. Koci in ya yi, jama'a na ɗaukar sa a matsayin shaidar wanda ya san sirri, sai zargi ya zama hukunci.

A yankinmu akwai wani reshe na wannan, wato zargin asiri. Ranar 16 ga Nuwambar 2025 a Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da Najeriya daga neman zuwa gasar duniya a bugun fenariti. Kocin Najeriya, Eric Chelle, ya yi kan bencin Kwango a fusace, daga baya ya ce wani daga cikinsu tsafi yake yi lokacin bugun. Ya nemi afuwa bayan haka. Amma maganar ta riga ta yi kasuwa, har ta danne tambayar da ta fi muhimmanci: yaya aka yi ƙasa mai tarin ƴan wasa haka ta rasa gasar duniya sau biyu a jere?

Masu tsara dokar ƙwallo sun gane wannan haɗari. Tun 2019 alƙali na da ikon ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati kamar ɗan wasa. Doka ta biyar kuma ta ce hukuncin alƙali a kan abin da ya faru cikin wasa shi ne na ƙarshe. Ƙorafi na da hanyarsa, a rubuce, zuwa ga hukumar gasa.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu goyon bayan zafin rai na cewa ƙwallo ba karatun jarida ba ne. In aka cire ihu da kuka da zolaya, me ya rage? Suna ƙarawa da cewa shiru ne ke sa shugabanni su yi barci, kuma akwai lokacin da matsin lambar jama'a ya yi amfani. Babban misalinsu Kwaddibuwa ce. Ranar 22 ga Janairun 2024 Equatorial Guinea ta ci ta 4-0 a Abijan, a gasar Afirka da ita ke karɓar baƙunci. Gari ya ɗauki zafi, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ranar 11 ga Fabrairu suka doke Najeriya 2-1 suka ɗauki kofi.

Misali ne na gaske, ba za a share shi ba. Sai dai a tuna cewa Kwaddibuwa ta tsallake rukuni ne da kyar, albarkacin nasarar da Maroko ta yi a kan Zambiya. Da wancan wasan ya tashi daban, da babu mai tuna sunan Faé a matsayin gwarzo. Ga kuma misalin da ke fuskantar sa: Najeriya ta kori Gernot Rohr, tsohon kocin Mena, a Disambar 2021 bayan dogon ƙorafin jama'a, duk da ya kai ta zagayen ƙarshe na neman gurbin gasar duniya. Cikin wata huɗu Tunisiya ta fitar da ita daga gasar Afirka, Ghana ta hana ta zuwa Qatar.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane a nan. Ana korar koci ne a lokacin da ƙungiya ta kai ƙarshen rashin sa'a. Ƙungiyar da ta faɗi ƙasa da matsayinta na gaskiya, ko an sauya koci ko ba a sauya ba, galibi takan ɗan farfaɗo. Sai a ba sabon zuwa ladan abin da lokaci ne ya kawo.

A ɗaya gefen akwai malamai da iyaye da ke ganin abin duka ɓata lokaci ne, musamman in wasa ya ci lokacin salla, ko ya kai ga zagin iyaye da caca. Damuwarsu a kan waɗannan tana kan hanya, addini ya yi hani da zagi da caca, ya kuma yabi mai danne fushi. Amma rufe gidan kallo ba zai fitar da ƙwallo daga wayar yaro ba, zai dai raba shi da idon manya. Gidan kallo da fada suna cikin ƴan wuraren da matashin da ba shi da abin hannu ke samun nishaɗi da abokan hira a kan kuɗi kaɗan.

Ra'ayin da wannan sharhi ya fi karkata gare shi shi ne, jin zafi haƙƙin mai goyon baya ne, sukar koci da shugabanni ma haka, in da hujja. Iyakar tana nan inda aka tashi daga sukar aiki aka koma kan jikin mutum, dukiyarsa ko iyalinsa. Bayan wasan ƙarshe na gasar Afirka a 2024, zagin da aka yi wa ɗan wasan tsakiyar Najeriya Alex Iwobi a intanet ya sa ya goge hotunansa na Instagram. Wannan ba ya gyara tsakiyar filin Najeriya ko kaɗan.

Abin da kan biyo baya

Wanda ke fara biyan kuɗin fushi ita ce ƙungiyar da ake cewa ana ƙauna, domin dokar gasa tana ɗora wa mai masauki alhakin abin da magoya bayansa suka aikata. Kano Pillars, mai kofin Najeriya huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta ɗanɗana. A Afrilun 2022 aka farfasa motar Katsina United bayan wasa a filin Sani Abacha, aka ci Pillars tarar naira miliyan 9, aka cire mata maki uku. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. A Oktoban 2025 aka sake kutsawa fili bayan Shooting Stars ta farke ana dab da tashi, aka taɓa alƙalai, aka sake cire maki, aka mayar da wasanninta na gida Katsina. Masu sayar da ruwa da abinci a bakin filin Kano, waɗanda ba su jefi kowa ba, su ma sun rasa kasuwa. A Abuja kuma, bayan kunnen doki 1-1 da Ghana ranar 29 ga Maris 2022, jama'a sun afka fili sun yi ɓarna, FIFA ta ci Najeriya tara, ta kuma sa ta buga wasa ɗaya ba ƴan kallo.

Wannan duka kuɗi ne da maki. Akwai inda rai ne ya tafi. Ranar 9 ga Mayun 2001 a Accra, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2-1 da ƙwallaye biyu a ƙarshen wasa. Magoya bayan da suka fusata suka fara jifa da kujeru, ƴan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a ta ruga ta tarar da ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu, cikinsu akwai matasan unguwannin zango da dama. A Indonesiya, ranar 1 ga Oktoban 2022, mutum 135 suka mutu ta wannan hanya bayan an ci Arema a gida. A Nzerekore ta Gini, ranar 1 ga Disambar 2024, gardama kan hukuncin alƙali ta kai ga turmutsutsun da gwamnati ta ce ya ci rai 56, ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce adadin ya zarce haka sosai. A duka ukun jerin abin iri ɗaya ne: jifa, hayaƙi, ƙuntatacciyar ƙofa. Mafi yawan mamatan ba su ne suka fara jifan ba. Kuma nauyin bai tsaya kan ƴan kallo ba, ya hau kan jami'an tsaron da suka harba hayaƙi cikin cunkoso da masu filin da suka kulle ƙofa.

Nisa ma ba kariya ba ne. A Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, wani direba a jihar Ribas ta Najeriya ya afka wa masu murna da motarsa, mutum huɗu suka mutu a kan wasan da aka buga a birnin Rum.

In aka dawo gida

A Ƙonni da Malbaza da Illela, wurin da wannan batu ya fi kusa da jiki ba allon talbijin ba ne, filin unguwa ne. A gasannin babban hutu da matasa ke shiryawa tsakanin unguwanni da ƙauyuka, babu shinge tsakanin ƴan kallo da fili, babu bidiyo, sau da yawa babu jami'in tsaro. Alƙalin ɗan gari ne, malamin makaranta ko tsohon ɗan wasa, kowa ya san ƙofar gidansu. Kocin ma yayan wasu ne a unguwa, maganarsa na da nauyi a kan yaran da ke bayansa. In ya kwaikwayi abin da ya gani a talbijin ya yi kan alƙali, babu motar da za ta fitar da alƙalin, kuma rigimar ba a fili za ta kwana ba, za ta bi mutane har kasuwa da wurin biki. Shi ya sa mutanen kirki ke gudun riƙe usur, gasa ta rasa alƙalai, wata ma a watse ba a kai wasan ƙarshe ba.

Yankin nan kuwa yana da nasa tsarin na cin nasara da shan kaye tun kafin zuwan ƙwallo. A Tawa aka fara gasar kokowar ƙasa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Kokowa ma tana da gardamarta da zarge-zargenta, amma al'adar fage ita ce wanda ya yi kaye ya ɗaga abokinsa, su rungumi juna gaban jama'a kafin makaɗa su ɗauka. Haka wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari ko Fulani da Arawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014: ana gasa wa juna magana mai zafi, amma kowa ya san inda ake tsayawa, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Zolayar ɗan Madrid da ɗan Barcelona za ta iya zama a kan wannan tabarma, in aka tsare ta daga zagin iyaye.

Sauran abin na masu shirya gasa ne da masu gidajen kallo. A karanta wa shugabannin ƙungiyoyi dokar gasa tun kafin a fara, har da yadda za a raba gardama in maki ya zo ɗaya, su sa hannu. A ɗauko alƙalin manyan wasanni daga wani gari, na Dogarawa ya busa a Ƙonni, na Badagishiri ya busa a Malbaza. A rubuta cewa kocin da ya shiga fili ba izini, ƙungiyarsa ce za ta rasa maki, kuma ƙorafi sai washegari, gaban kwamitin da ke da dattijo a ciki. Mai gidan kallo kuma ya duba ƙofarsa: rumfar da ke ɗaukar mutum 100 cikin duhu, ga janareto da fetur a gefe, bai kamata a ce mafitarta ɗaya ba ce, kuma a rufe da sakata don kada wani ya shiga bai biya ba.